Rawani a Jikin Ƙusa

Ban taɓa sa riga mai maɓalli ba sai da na haifi 'ya'ya uku. Ba talauci ya hana ni ba. Mu Abzinawa ne, kayanmu sanannu ne tun kakanni: babbar riga, wando mai faɗi, da rawani mai amawali wanda ke rufe baki da hanci ya bar ido kaɗai. Ranar da aka naɗa mini shi ina saurayi, aka ce daga yau bakinka ba abin nunawa ba ne, ni kuwa na ɗauki maganar da gaske. Da shi na koyi tuƙi, da shi na shiga kamfanin haƙar yuraniyom a Arlit, da shi na yi shekaru ina jan kamyo, wato babbar motar kaya, a hanyar Agadez. Ba wanda ya taɓa cewa rawanina ya hana mota tashi.

Sai abubuwa suka taru suka faɗo mana lokaci guda. Aka ce kuɗin ma'adinin ya karye a can ƙasashen da ke sayensa. Turawa suka dinga tattara kayansu, gidajen site, unguwar da kamfani ya gina musu, suka zama kango, kowane wata sai ka ji an rage ma'aikata. Ruwan sama ya ɗauke, mutanen daji suka cika gefen gari da tabarminsu da 'yan awakin da suka rage. Sannan tawayen Abzinawa ya tashi, aka fara tare motoci a hanya. Rana ɗaya aka sauke mu duka, mu direbobi Abzinawa, wai kada mu miƙa wa 'yan'uwanmu mota. 'Yan'uwan da ko sunansu ban sani ba! Aka mai da ni cikin fili ina kwasar durom da tsofaffin ƙarafa, albashi ya ragu, na yi shiru don ina da bakunan da zan ciyar.

Shef ɗinmu, wato shugabanmu a wurin aiki, mutumin kudu ne, kuma ba mugu ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan, don da mugu ne da na sami wanda zan tsana. Ya kira ni bayan gareji ya gaya mini cewa umarni ya zo daga sama, ba mai sake shiga ƙofar kamfani da fuska a rufe, dole mai gadi ya ga fuskar da ke jikin kati. Ya ƙara da cewa, tsakanina da kai, in an zo rage mutane, masu rawani ake fara dubawa. Ya ce in yi tunani. Wane tunani? Matata da yara uku suna cikin bukkar tabarmi a unguwar da aka gina da durom da kwali, albashin nan shi ne tukunyarsu, daga cikinsa kuma ake ɗebo hatsin da muke aika wa mahaifinta can cikin duwatsu in an sami mota. In aikin ya tafi, babu na biyu, daga nan har iyakar Aljeriya.

Na gaya wa matata. Ta ce in yi abin da ya zama dole, amma kayan kada su shigo mata gida, kada yara su gani, kada maƙwabta su gani.

Na fara gwadawa da kaina. Na shiga cikin kamyo na kwance rawanin na dubi madubi, babbar riga a ƙasa, kai tsirara a sama, sai ka ce ɗan tsakon da ya faɗa ruwa. Na gane kayan nan ba sa tafiya ba rawani. Na je kasuwa wurin masu gwanjo, ina jin kunyar tambaya, na zaɓi abin da na ga yana da ƙwari: wata riga koriya mai aljihu da yawa, da wando kalar ƙasa mai kauri. Wani abokin aikina ya ga ƙunshin, ya riƙe baki, ya ce kafin in sa su in biya ta wurin Hajiya.

Hajiya 'yar Maradi ce, gwauruwa, gajera mai jiki, muryarta ta fi ta girma. Lokacin da kuɗi ke gudu a garin, ita ke wanki da guga a gidajen Turawa, a nan ta koyi yadda ake haɗa kaya da kaya. Da suka watse suka bar mata tsofaffin tufafi, ta kafa rumfa a bayan kasuwa. Ba sayarwa kaɗai take yi ba. Za ka je mata a yadda kake, ta dube ka sama da ƙasa, ta tambayi aikin da kake nema ko wanda kake tsoron rasawa, sannan ta haɗa maka abin da za ka sa. Akawuna na zuwa wurinta, 'yan mata masu neman aikin ofis na zuwa. A wannan shekarar kuwa, mu ne muka fi yawa.

Ta kwance ƙunshina ta ɗaga rigar da yatsu biyu kamar ta ɗauko mataccen ɓera.

"Wa ya saida maka wagga? So kake a halbe ka?"

Na ce ai tana da ƙwari. Ta ce ƙwarai kuwa, har a binne ni da ita ba za ta yage ba. Ba'abzine cikin koriyar riga mai aljihu, a wannan zamani, a gaban shingen soja! Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gani, suka yi dariya har da tafa hannu, ni ina tsaye ina zufa cikin rawani. Raina ya ɓaci, na miƙa hannu zan karɓi kayana. Ta buge hannun da mafici ta ce in zauna, ba ta gama da ni ba.

Ba ta taɓa tufa ko ɗaya ba sai da ta gama tambayoyinta. Me nake ɗauka a wurin aiki, ina durƙusawa ko tsaye nake wuni, ƙurar wurin fara ce ko ja, wa ke ganina, shef kaɗai ko har manya. Ta sa na ɗaga hannuwa sama, ta sa na tsuguna, ta kifar da turmi ta ce in taka kamar zan hau kamyo. Sannan ta fara jefo kaya daga dila tana magana ba ta ko dubana. Fari bai yi ba, kafin azahar ya zama abin tausayi, kuma shef zai ce ɗaurin aure na zo. Kore da kalar ƙasa na soja ne, in sojan bai kama ni ba, 'yan tawayen daji za su ɗauke ni soja. Shuɗi mai duhu kuwa shela ce, gara in rataya allo a wuya in rubuta garinmu. Abin da take nema shi ne kalar da ido zai wuce ta kai bai tsaya ba. Ta tsayar da riguna uku masu dogon hannu, biyu ruwan toka masu ƙananan gidaje, ɗaya ruwan madara mai duhu, da wando biyu, da ɗamara baƙa. Ɗaya a jiki, ɗaya a igiya, ɗaya tana hutawa, in ji ta, kuma ko wace riga ta hau ko wane wando, don kada in tsaya tunani da safe.

Na so hular Damagaram mai aiki, don tana da kwarjini, ko ba komai kai zai ji an ɗora masa wani abu. Ta hana. Ta ce da hular nan mutane za su zo mini da Hausar birni, ni kuwa da na buɗe baki na ce mace ya zo, asiri ya tonu, a ce ɓoyewa nake yi, kuma mai ɓoyewa shi ake zargi. Ta ba ni hular kanikawa mai baki a gaba, wadda ba ta kowa ba ce. Takalmi ne ya ba mu wahala. Ƙafata ta saba da faffaɗan takalmin fata, ta baje yadda take so, duk wanda aka kawo sai ya cije ni. Ta samo wasu manya, ta cusa musu jiƙaƙƙen tsumma suka kwana, suka ɗan saki.

Sai aka zo wurin da nake gudu. Ta ce in shiga bayan labule in sa kayan in fito. Na shiga na sa, na ɓalla maɓallan a karkace, na fito da rawanina a kai. Ta ce ba rawani ta ce. Na ce ta gani a haka mana. Ta ce ita ta haifi wanda ya kai ni, kuma ta wanke wandunan Turawan da ba su san kunya ba, bakin mutum ba zai firgita ta ba. Amma ta sallami maƙwabciyar, ta sauke tabarmar ƙofa. Na kwance shi a gabanta. Wallahi da a ce wandona aka ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa da ya fi mini sauƙi.

Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo mini wani tsagin madubi, na ga abin da ta gani. Kewayen idona baƙi ne, rana ta gasa shi shekara da shekaru. Goshina da bakina da haɓata kuwa farare fat, ga shunin rawani ya rine kumatuna. Fuska biyu a kai ɗaya. Ko makaho ya shafa ya san jiya aka cire rawanin. Ta ce kayan sun zauna, fuskar ce ba ta nuna ba. Ta haɗa ni da lemun tsami da sabulu in dirje shunin, ta ce ranar hutu in zo in zauna a bayan rumfarta in ba rana fuskata, kuma in bar gashin baki ya tofo ya ɗan rufa mini asiri. Haka na yi. Ni da nake da mata da 'ya'ya, na zauna a kan bulo ina shanya fuska kamar an shanya kuɓewa, fatar ta ƙone ta saɓule, leɓɓana suka tsattsage.

Hannuna ma sai da ta yi yaƙi da shi. Da mutum ya dube ni, sai ya tashi da kansa ya rufe bakina. Ta buge shi da mafici har ta gaji, daga baya ta ba ni asuwaki ta ce in riƙa taunawa, hannu ya sami abin riƙewa. Ta koya mini cusa riga cikin wando, da tafiya da gajeren taki, don takun mai babbar riga daban yake. Ta ɗage mini kwalar riga kaɗan don wuyana ya ji kamar akwai abin da ya rage. A ƙarshe ta soka mini biro a aljihun gaba. Na ce ba ya rubutu. Ta ce ba don rubutu ta sa shi ba.

Ba ta taɓa yanke mini farashi ba. In an kawo mana cuku ko dabino daga duwatsu in kai mata, in dilarta ta iso tasha in ɗauko mata. Kayan kuma a wurinta suke kwana, ita ke wankewa ta goge da dutsen guga na gawayi.

A bayan labulen nan akwai bango na durom, an kafa masa ƙusoshi a jere. Kowa da ƙusarsa. Da safe ka fito daga gida da rawaninka da babbar rigarka kamar kowane mutumin kirki, ka biyo ta bayan kasuwa, ka shige, ka rataye mutuncinka, ka fito wani mutum daban. Da yamma ka dawo ka ɗauka. Ba wanda ya kafa mana doka, amma ba ma gaisawa a wurin. In ka tarar da wani yana kwancewa, sai ka juya ka fuskanci bango har ya gama. A wurin aiki kuma in mun haɗu, Hausa muke yi wa juna, kowa na duban ƙasa. Akwai wanda muka yi kiwo tare muna yara, ban sake ganin bakinsa ba tun da aka naɗa mana rawani, sai a layin ƙofar kamfani na ga haƙoransa na gaba duk sun zube. Ya ga na gani. Daga ranar bai ƙara bin layin da nake ba.

Makonnin farko ban ci komai a wurin aiki ba. Yaya za a yi in tauna abinci mutane na kallo? In ƙishirwa ta matsa, sai in tsuguna a bayan tayar kamyo in sha. Amma mutum mugun abu ne, ba abin da ba ya sabawa da shi. Fuskar ta haɗe ta zama kala ɗaya, gashin baki ya cika, takalmin ya daina cizo. Aka rage mutane, aka sake ragewa, ni ina nan. Na tsani kayan nan kamar me, kuma na san su ke ciyar da 'ya'yana.

Aikin Hajiya ya yi kyau har ya wuce yadda ake so. Wata rana shef ya dube ni ya ce ai yanzu na zama mutum, haka ya faɗa, kuma yabo yake nufi. Kowace safiya jama'a na taruwa a wajen ƙofa suna neman aikin yini, kwasar yashi, sauke buhuna, share fili. Ya ce daga yanzu ni zan riƙa tsayawa tare da shi ina zaɓen waɗanda za a ɗauka, tunda ina jin yarensu kuma ga ni tsaf. Aka ɗan ƙara mini wani abu. Da na gaya wa Hajiya ta yi guɗa, ta canza mini ɗamara da wata mai sheƙi.

A cikin wannan hali surukina ya iso. Mai garka ne a wani kwari cikin duwatsun Abzin, albasa da alkama da 'yan itatuwan dabino. Rijiyarsa ta yi ta nutsewa, bijimin da ke ja masa guga ya mutu, ya koma ja da hannunsa. 'Yar albasar da ya samu ta ruɓe a buhu don ba motar da ke shiga kwarin saboda tawaye. Matarsa ta daɗe da rasuwa. Ya taka har bakin hanya ya sauko a kan wata mota da tabarmarsa da butar shayinsa, dogo, ƙashi da fata, rawaninsa ya koɗe amma naɗin ba ya da makusa.

Wanda ba namu ba ba zai gane abin da ke tsakanin mutum da surukinsa ba. A gabansa nake ɗaga amawali har ya kusa rufe mini ido. Ba na cin abinci yana gani, ba na shan ruwa, ba na kiran sunansa, ba na zama ina fuskantarsa. Shi ma haka yake yi mini. Mu gaisa doguwar gaisuwa kowa na duban gefe, lafiyar gida, lafiyar gajiya, zafi, sanyi, shi ke nan. Duk wata magana ta gaske sai ta bi ta bakin matata. Shekarun da na yi da 'yarsa, bai taɓa ganin abin da ke ƙasa da idona ba, ni ma ban ga nasa ba. Wannan ba ƙiyayya ba ce. Ban taɓa girmama wani namiji kamar yadda na girmama tsohon nan ba, kuma na san yana alfahari da ni, don matata ta ce yakan gaya wa mutanen kwarin cewa mijin 'yarsa na jan motar da ta fi ɗaki girma.

Ya ga yadda tukunya take. Ya ga 'yarsa na rage nata tana ƙara masa, ya ga yara na side kwano. Irin wannan ba a faɗarsa. Sai ya fara fita da safe bayan na tafi, ya ce wa matata zai gai da dangi. Ita ta ɗauka wurin maƙera yake zuwa zaman hira. Ni kuma ban iya cewa a gaya masa kada ya kusanci ƙofar kamfani ba, don sai an faɗi dalili. Shi yana ɓoye mini yana neman aiki don kada in ji kunyar na kasa riƙe shi, ni ina ɓoye masa yadda nake samun abin riƙe shin. Gida ɗaya muke kwana.

Ranar ina cikin riga mai ƙananan gidaje, ga hula, ga biro. Muka fito ni da shef, jama'a suka taso kamar kullum, kowa na miƙo hannu. Su da ke waje ba a hana su rawani ba, sai wanda aka zaɓa ne zai sauke amawali a gaban mai gadi kafin ya shiga. Ina nuna matasa masu ƙarfi da Hausa, kai, da kai, da kai, sai na ji an riƙe mini hannun riga. Na juya. Naɗin rawanin kaɗai ya ishe ni. Surukina ne.

Bai gane ni ba. Ta ina zai gane ni? Abin da ya gani shi ne wani ma'aikaci mai gashin baki da biro. Ya rusuna, shi da ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba sai a salla, ya buɗe mini tafin hannunsa duk kanta, ya yi magana da 'yar Hausarsa, yana kirana mushe, yadda ake kiran manyan ma'aikata da Faransanci.

"Mushe, ka taimaka. Ni tsoho ne amma hannu yana da ƙarfi. 'Yata yana da yara, ba na so in ci abincin yara."

Ya ƙara da cewa mijin 'yarsa a nan yake aiki, direba ne, mutumin kirki, amma don Allah kada a gaya masa.

In na ɗauke shi, zai sauke amawalinsa a gabana, ya wuni yana ɗaukar yashi a ƙarƙashina. In na ƙi, na kori uban matata daga bakin abinci. Na so in juya in wuce ban ce komai ba, amma yana riƙe da rigar. Shef ya gaji, ya ce me tsohon ke cewa ne, in gaya masa da yarenmu ba a ɗaukar tsofaffi, lokaci na tafiya. Ban yi yarenmu ba. Na sauke murya iyakar iyawata, na ce da Hausa, "Baba, yau babu."

Muryar ce. Ya saki rigar a hankali. Ya ɗago ya dubi idona, wurin da ya sani. Sai ya kai hannu ya jawo saman rawaninsa ƙasa har ya rufe idanunsa gaba ɗaya, ya juya ya kama tafiya a haka, ba ya gani. Ya yi karo da wani, ya yi karo da wani, wani yaro mai neman aiki ya ture shi ya ce tsoho ka makance ne. Bai buɗe ba sai da ya fita daga cikin taron. Shef ya ce saura mutum biyu, na nuna mutum biyu.

Na wuni a wurin aiki, don ba a barin aiki. Da yamma Hajiya ta dube ni sau ɗaya ta ajiye dutsen guga ta ce me ya faru. Na gaya mata. Ta zauna a kan dila ta yi tagumi.

"Ni riga da wando na sani, ɗana," in ji ta. "Wanga ya hi ƙarhina."

Da na isa gida tabarmar surukina ba ta nan, butar shayin ma ba ta nan. Matata na zaune a ƙofar bukka idonta ya kumbura. Ta ce ya dawo da hantsi ya tambaye ta ko abin da mijinta ke yi don abincin yara yake yi. Ta ce e. Ya ce to madalla, Allah ya yi masa albarka. Ya ce ya ga abin da bai kamata ya gani ba, kuma in ya zauna, ɗayan biyu ne, ko mijinta ya bar aikin, ko ya riƙa mutuwa kowace yamma in ya shigo gida ya tarar da shi. Don haka zai koma ya duba garka, wataƙila ruwa ya dawo. Ba ruwan da ya dawo, shi ya sani, ita ta sani. Ta riƙe masa riga tana kuka, ya ce ta sake shi, ba a yi wa uba haka. Na ruga tasha, aka ce ayarin motocin da soja ke rakawa ya tashi tun da rana.

Mun aika hatsi ta hannun masu raƙuma, ba mu san ko ya isa ba. Na aika a ce masa ya dawo, na sami wani ɗaki a wata unguwa inda ba sai mun haɗu ba. Amsa ba ta zo ba. Na ci gaba da zaɓen mutane a ƙofa, kuma duk tsohon da ya matso sai in kau da kai. Na rame har Hajiya ta ƙara wa ɗamarata huda. Ta daina tsokanata, ni kuwa na fi son tsokanar.

Bayan watanni wani ɗan kwarin ya zo ya tsuguna a ƙofar gidanmu ya faɗi abin da ya kawo shi. A bukkar garka aka sami surukina ya rasu, an yi masa sutura, an binne shi kusa da rijiyar. Na nemi izinin zuwa ta'aziyya. Shef ya ce ba ya hana ni, amma in sani duk ma'aikacin da ya shiga duwatsu a wannan lokaci, ba sai ya dawo ba, ba shi ya kafa dokar ba. Ban je ba. Ko kabarinsa ban gani ba har yau.

Washegari da safe na zauna a kan tabarma da rawanina, na ja amawali har ido, na ce na gama. Na ce su riƙe aikinsu da katinsu da ƙofarsu, Allah ya isa tsakanina da su, ba zan ƙara nuna wa kowa fuskata ba ko da za mu ci ƙasa. Ina ta faɗa, yara sun raɓe a jikin bukka suna kallona. Matata tana hura wuta, ba ta juyo ba sai da na yi shiru. Idonta a bushe yake.

"Tashi ka tafi aiki," ta ce. "Don ka tafi ya bar mana gidan."

Na tashi na tafi. Kafin sanyi ya zagayo aka rufe sashenmu gaba ɗaya, aka sallame mu duka, har da shef.